Yadda Za Ka Sa Kwamfutarka Dogon Barci Don Cajinta Ya Kai Ka Gobe

A wani watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi yake kan ganiyarsa, na rufe murfin kwamfutata ta tafi-da-gidanka da sassafe, cajinta ya haura kashi 80 cikin ɗari, na zura ta a jaka na shiga motar Gombe. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce, amma da na sauka na sa hannu a jakar, sai na ji kwamfutar ta ɗau zafi kamar an sauke ta daga kan murhu, na danna maɓallin kunnawa ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Wani ɓangare na gyaran da na kwana ina yi wa wani rahoto ya bi ruwa. Da na kai ta wurin mai gyara ina zaton batir ne ya mutu, ya jona mata caji ta kama, ya dube ni ya ce: "Malam, ai ba kashe ta ka yi ba, ido kawai ka rufe mata. Ta farka a hanya ta ci gaba da aiki a cikin jaka."

Abin da ya kamata in yi ran nan shi ne in sa ta dogon barci, wato abin da ake rubutawa "Hibernate" a fuskar kwamfuta. Bayanin da ke tafe ya shafi Windows 10 da Windows 11, domin su ne a hannun yawancin mutanenmu, kuma zan kawo sunayen wuraren da za a danna da Turancinsu, tunda haka mai karatu zai same su a gabansa.

Bambancin gyangyaɗi da dogon barci

Kwamfuta tana da wuraren ajiya biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu sayarwa ke kira RAM, inda duk abin da ka buɗe yake zaune muddin kana aiki. Tana da sauri ƙwarai, amma da zarar wuta ta yanke mata, komai na cikinta ya goge. Akwai kuma rumbun ajiya, ko tsohon yayi mai faifai da ke juyawa ko sabon yayi da ake kira SSD, wanda ke riƙe abin da aka rubuta a cikinsa ko da an cire batir gaba ɗaya.

Idan ka rufe murfi, abin da yawancin kwamfutoci ke yi shi ne "Sleep", wanda zan kira gyangyaɗi: fuska ta mutu, fanka ta tsaya, amma batir yana ci gaba da ɗiga wa ƙwaƙwalwar aiki wuta don kada ta manta. A dogon barci kuwa, kwamfutar tana kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ta rubuta shi a wani fayil mai suna hiberfil.sys a cikin rumbu, sannan ta mutu murus. Duk wanda ya taso kusa da fadama ya san gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka idan ruwa ya janye ta zauna har damina ta dawo. Ita gaiwa jikinta take ci kafin ruwa ya zo, ita kuwa kwamfuta mai dogon barci kusan ba ta cin komai, kuma ranar da ka kunna ta za ka tarar da takardunka da shafukanka a buɗe yadda ka bar su.

Waɗannan matakai suna cikin wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, inda aka ba gyangyaɗi lambar S3, dogon barci S4, kashewa kuma S5. Ka riƙe lambar S3, domin za ta bayyana a matakin farko. Sabbin kwamfutoci da yawa ba su da S3 ma. Suna da wani salon gyangyaɗi irin na wayar hannu, wanda a cikinsa na'urar kan iya ci gaba da hulɗa da intanet tana karɓar saƙo ko sabuntawa alhali murfinta a rufe. Irin wannan ya fi saurin farkawa, kuma shi ya fi yawan barin mutum da jaka mai zafi.

Ya kamata in faɗi gaskiya a kan abin da za a samu. Dogon barci ba zai rage kuɗin mita ta yadda za a lura ba, domin cajar kwamfuta ba ta cika wuce wat 45 ko 65 ba, alhali dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye. Ribar tana cikin batir. A ɗauka, a matsayin misali, batirinka yana ɗaukar abin da zai ba da wat 45 na tsawon awa ɗaya, gyangyaɗi kuma yana jan rabin wat: daga ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safe ka yi asarar kusan kashi 13 cikin ɗari ba tare da ka taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Idan kuwa kwamfutar ta hannu ce, batirinta ya yi sanyi har ya koma rabin ƙarfinsa, asarar ta haura kashi ɗaya bisa huɗu. Ga ɗalibin da ke zaune a unguwar Yelwa ko Gwallameji a Bauchi, wanda sai ya kai kwamfuta shagon caji ya biya, ko mai shagon buga takardu da ke lissafin kowace litar man janareta tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na farko: ka tambayi kwamfutar abin da take iyawa

Danna maɓallin da ke da tambarin Windows, ka rubuta cmd. Idan "Command Prompt" ya fito, ka danna shi da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi "Run as administrator", sannan ka amsa da "Yes". Baƙin allo zai buɗe. Mutane da yawa suna jin tsoronsa, amma babu abin da zai lalace muddin abin da aka ce ka rubuta kawai ka rubuta. Rubuta powercfg /a ka danna "Enter".

Za ta kawo jeri biyu, na abubuwan da take iyawa a sama da na waɗanda ba ta iyawa a ƙasa. Idan ka ga "Standby (S3)" a sama, gyangyaɗinka na tsohon salo ne mai ɗan dama. Idan ka ga "S0 Low Power Idle", kana da sabon salon nan, kuma kai ne ka fi kowa bukatar wannan jagora. Sannan ka nemi "Hibernate". In yana sama, ka tsallake zuwa mataki na uku.

Mataki na biyu: kunna shi idan a kashe yake

Kafin komai ka duba sararin da ya rage a rumbun C, domin fayil ɗin dogon barci yakan ci kimanin kashi 40 cikin ɗari na girman ƙwaƙwalwar aiki: mai gigabait 8 zai ba da gigabait 3 da 'yan kai, mai 16 zai ba da kusan 6 da rabi. Masu ƙananan kwamfutoci da rumbunsu bai wuce gigabait 64 ba, su fara rage finafinai da tarkace tukuna.

A cikin baƙin allon ka rubuta powercfg /hibernate on ka danna "Enter". Ba za ta ce maka komai ba, kuma shirun nan alama ce ta cewa ta karɓa. Sake rubuta powercfg /a ka gani ko ya hau jerin sama. Idan har yanzu bai hau ba, wataƙila wanda ya saka maka Windows ya ƙanƙance fayil ɗin don ya samu sarari, abin da wasu masu gyara ke yi ba tare da sun faɗa wa mai kaya ba. Maganinsa shi ne ka rubuta powercfg /h /type full, wanda zai mayar da shi cikakken girmansa.

Mataki na uku: fito da shi fili, ka ɗora shi a kan maɓalli

Windows yakan ɓoye dogon barci daga jerin da ke fitowa idan za a kashe kwamfuta, shi ya sa mutane da yawa suka shekara suna aiki ba su san da shi ba. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta powercfg.cpl a ɗan akwatin da ya fito, ka danna "Enter". A gefen hagu na shafin ka zaɓi "Choose what the power buttons do". A ƙasan shafin da zai buɗe za ka ga "Hibernate" da ɗan akwati a gefensa, amma ya dusashe, ba ya dannuwa. A nan mutane suka fi maƙalewa. Sai ka koma sama ka danna rubutun da ke cewa "Change settings that are currently unavailable", akwatin zai buɗe, ka sa masa alama, ka danna "Save changes".

Kada ka bar shafin, domin a samansa ne aikin da ya fi muhimmanci yake. Akwai layin "When I press the power button", wato abin da za ta yi idan ka danna maɓallin kunnawa, da layin "When I close the lid", wato abin da za ta yi idan ka rufe murfi, kuma kowanne yana da gida biyu: "On battery", lokacin da take kan batir, da "Plugged in", lokacin da take jone da wuta.

Shawarata ita ce ka mayar da maɓallin kunnawa zuwa dogon barci a gidaje biyun, ta yadda dannawa ɗaya ta wadatar idan za ka tashi. Game da murfi, ya danganta da yadda kake aiki. Wanda ke yawo da kwamfuta a jaka, yana hawa Keke ko acaɓa daga wannan ofis zuwa wancan, ya sa murfin ya zama dogon barci idan tana kan batir, ya bar shi a gyangyaɗi idan tana jone. Wanda kuma yake buɗewa yana rufewa sau goma a awa ɗaya, kamar malami a cikin aji, zai gaji da jiran farkawa, don haka ya bar murfin a gyangyaɗi ya dogara da mataki na gaba. A lura cewa dannawa ɗaya a saki ake yi. Idan ka danne maɓallin ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, kashe ta za ka yi da ƙarfi, kuma abin da ba ka adana ba ya tafi.

Mataki na huɗu: ta riƙa shiga da kanta

Mantuwa ba ta sallama, saboda haka gara a koya wa kwamfutar ta wuce daga gyangyaɗi zuwa dogon barci ba tare da an ce mata ba. Koma shafin farko da powercfg.cpl ya buɗe maka, ka danna "Change plan settings" a gefen tsarin da kake kai, sannan "Change advanced power settings". A ƙaramar tagar da za ta fito ka buɗe reshen "Sleep". A ƙarƙashin "Sleep after" ka sa, misali, minti 10 a kan batir, a ƙarƙashin "Hibernate after" kuma ka sa minti 30 ko 45. Abin lura dai shi ne adadin na biyu ya fi na farko yawa. Wannan tazara ta ishi mutum ya je masallaci ya dawo ya tarar da ita tana gyangyaɗi, in kuma ya zarce kasuwa daga can, ta riga ta kwanta. Idan ba ka ga wannan layi ba, kamar yadda yake faruwa a wasu sabbin kwamfutoci, ka koma baƙin allo ka rubuta powercfg /change hibernate-timeout-dc 45, ma'anarsa minti 45 a kan batir.

A cikin reshen nan akwai "Allow wake timers", wanda ke ba manhajoji damar tayar da kwamfuta a lokacin da suka tsara. Ka mayar da shi "Disable" a gidan batir.

Mataki na biyar: ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki

Wannan shi ne matakin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa, domin shi ke ceton aiki a irin garuruwanmu. A cikin tagar nan ka gangara ƙasa zuwa reshen "Battery". Za ka ga "Critical battery action", wato abin da za ta yi idan caji ya kai gargara. Ka tabbata an sa shi a dogon barci, ba kashewa ba, ba kuma gyangyaɗi ba, tunda gyangyaɗi a kan batirin da ya kusa ƙarewa jinkirta mutuwa ne kawai. Sai "Critical battery level", adadin da ake ɗauka a matsayin gargara, wanda yawanci yakan zo a kashi 5, da "Low battery level", inda take fara gargaɗi, wanda yakan zo a kashi 10.

Waɗannan alƙaluma an tsara su ne don sabon batir. Tsohon batir ba ya faɗin gaskiya: zai nuna maka kashi 18, ka juya ka amsa sallama, ka waiwayo ka ga fuska ta yi baƙi. Rubuta fayil ɗin dogon barci yana bukatar 'yan daƙiƙoƙi na wuta mai ƙarfi, kuma idan batir ya faɗi kafin a gama, an yi ba a yi ba. Don ka san halin naka, ka rubuta powercfg /batteryreport a baƙin allo. Za ta gaya maka inda ta ajiye rahoton, ka buɗe shi da burauza. Nemi "Design capacity", ƙarfin da batirin ya fito da shi daga kamfani, ka kwatanta da "Full charge capacity", abin da yake iya ɗauka yau. Idan na biyun ya yi kusa da na farko, ka bar saitin yadda yake. Idan ya koma rabi ko ƙasa da haka, ka ɗaga gargara zuwa kashi 15, gargaɗi zuwa 25. Za ka ga kamar an rage maka lokacin aiki, amma lokacin da aka rage ɗin da ma ba naka ba ne. Wannan rahoton ya cancanci a buɗe shi tun a gaban mai shago kafin a biya kuɗin kwamfuta ta hannu, ko a kasuwar Wunti ta Bauchi ne ko a ina.

Gwaji

Buɗe wata takarda ka rubuta layi biyu, ka bar shafin burauza a buɗe, ka cire caja, sannan ka danna maɓallin. Fuska za ta mutu nan take, amma aikin bai ƙare ba: ka jira har fanka ta yi shiru kuma fitilar jikin kwamfutar ta mutu gaba ɗaya. Fitilar da ke ƙyaftawa a hankali alamar gyangyaɗi ce, wadda ta mutu ita ce alamar dogon barci. Mai rumbu mai faifai ya kiyaye wannan sosai, kada ya ɗaga ta ya jefa a jaka tana tsakiyar rubutu, domin girgiza a wannan lokaci na iya lalata faifan. Rubuta adadin cajin, ka bar ta ta kwana, ka duba da safe. Farkawa kan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi a kan SSD, ta fi haka daɗewa a kan faifai, musamman idan an bar abubuwa da yawa a buɗe.

Idan ka tarar caji ya sauka sosai duk da haka, abin da ya fi yawan jawo shi shi ne wata kafar USB da ke ba da wuta ko da kwamfuta a kashe take, don a riƙa cajin waya. Lenovo na kiranta "Always On USB", Dell na kiranta "PowerShare". Ana kashe ta a shafin BIOS, wato shafin saitunan na'urar kanta, wanda ake shiga ta hanyar danna wani maɓalli daidai lokacin kunnawa: yawanci F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Wanda bai saba ba ya bar mai gyara ya yi masa, domin akwai saituna a wurin da ba a taɓawa da ka.

Abubuwan kiyayewa

Dogon barci ba ya maye gurbin adana aiki. Ka danna Ctrl da S kafin ka kwantar da ita, domin wani lokaci farkawar kan gaza, kwamfutar ta tashi kamar sabuwar kunnawa. Duk abin da kake saukewa daga intanet zai tsaya, kuma ba kowanne ke ci gaba daga inda ya tsaya ba, abin da ke da zafi ga mai sayen data. Ka cire filashi ta hanyar da ta dace kafin barcin, kada ka zare shi ka kai wata kwamfuta ka canza abin da ke ciki sannan ka dawo da shi. Kada a ƙara mata RAM ko a canza wani abu a cikinta tana wannan hali; mai gyara ya kashe ta tukuna. Wanda ya haɗa Windows da Linux, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta daban, a rumbu ɗaya kada ya taɓa fayilolin ɓangaren Windows daga ɗaya ɓangaren alhali Windows yana dogon barci, domin hakan na iya ɓata su.

Akwai masu cewa yawan rubuta wannan fayil yana cinye SSD. Gaskiya ne rubutu yana rage masa kwana, amma sau biyu ko uku a rana ba abin damuwa ba ne, kuma a ganina batir zai riga shi gajiya da nisa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sirri: fayil ɗin yana ɗauke da abin da ke buɗe lokacin da ka kwantar da ita, don haka ka sa kalmar sirri da za a nema yayin farkawa, mai riƙe da bayanan ofis kuma ya kunna BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan rumbu, idan Windows ɗinsa yana da shi.

Sau ɗaya a mako ka yi mata "Restart". Tun daga Windows 8 na 2012, "Shut down" kansa ba cikakkiyar kashewa ba ce a yawancin kwamfutoci, domin wani tsari mai suna "Fast Startup" yana ajiye ɓangaren Windows a cikin wannan fayil ɗin don a samu saurin tashi. "Restart" ne ke wanke komai ya kuma kammala sabuntawa, shi ya sa kwamfutar da ta fara nauyi takan warware bayansa.

Masu MacBook ba su da aiki mai yawa, domin tsarinsu yana ajiye kwafin ƙwaƙwalwa a rumbu da kansa idan an rufe murfi. A Linux umurnin shi ne systemctl hibernate, amma sai an tanadi wurin musanya ("swap"), inda ake juye abin da ke ƙwaƙwalwa, mai isasshen girma a rumbu, kuma Ubuntu, wani nau'in Linux, ba ya kawo shi a kunne.

Idan tafiyar ta makonni ce, kamar dogon hutun makaranta ko aikin Hajji, ka rufe komai ka kashe ta, ka bar cajin a wajen rabi maimakon cike ko fanko, ka ajiye ta a ɗaki mai sanyi nesa da taga da rufin kwano, domin zafi yana tsufar da batirin litiyom ko da ba a aiki da shi. Ranar da kuma rumbu ya cika har ka bukaci sararin da fayil ɗin ya ci, powercfg /hibernate off zai goge shi, amma ka sani "Fast Startup" zai tafi tare da shi, kuma sai ka koma reshen "Battery" ka duba abin da aka bar wa gargara.